Talabijin QLED da muka saya a Jidda: kala ta yi, amma zancen girafin ɗin nan a bar shi

To jama'a ga ra'ayina kan QLED inci 55 da muka ɗauko wa Hajiyarmu a wani shago nan Jidda. Kala dai ba magana masha Allah, in aka kamo tashar Madina koren ƙubbar nan yana fitowa shar, kuma ko da rana tsaka falo ya cika da haske kana gani tangaram.

Sirrin yana cikin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira kwantom dot, girmansu kamar nanomita 2 zuwa 10 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya). Fitila shuɗiya ke haskowa ta baya, su karɓa su mayar da shi kore ko ja, kuma girman ƙwayar ne ke yanke kalar don in ka matse ilektron, wato ɗan ƙwayar da ke ɗauke da lantarki a cikin atom, a ƙaramin wuri kuzarinsa hawa yake, kuzarin kuma shi ke sauya kalar hasken da zai fito. Kan wannan aikin ne masana kimiyya Bawendi da Brus da Ekimov suka ci kyautar Nobel a 2023.

Inda muka raba gari da mai shagon, wai ƙwayoyin na girafin ne shi ya sa kuɗin ya ɗan hau. Ni fiziks nake karantawa wallahi abin ya tsaya min a rai. Ƙwayoyin talabijin yawanci da indiyom fosfaid ko kadmiyom selenaid ake yinsu. Girafin kuwa shimfiɗar kabon ce mai kaurin atom ɗaya, wadda masana fiziks Geim da Novoselov suka ɓanɓaro da salatif a Mancesta a 2004, kuma ilektron a cikinta ba ya killatuwa da sauƙi, gudu yake kamar ba shi da nauyi, ka gina masa katangar lantarki in ya zo mata kai tsaye ratsawa yake ya wuce abinsa. Shi ya sa masu bincike ke sa masa maganaɗisu mai ƙarfi ya lanƙwasa hanyarsa ya dinga zagaye wuri guda, a ɗakin gwaji cikin matsanancin sanyi. Ina wannan ina falon Hajiya?

Sauti kam sai a hankali, sai da muka haɗa sifika. Baƙi ma da dare yana ɗan yin toka-toka, bai kai na OLED ba, wato talabijin ɗin da kowane ɗigonsa ke ba da haskensa da kansa ba tare da fitilar baya ba. Mai saye ya saya don kala, ya karɓi takardar garanti a hannu, in aka ce masa girafin ya ce a nuna masa a jikin kwali kafin ya ƙara ko riyal ɗaya.