PC Health Check: ta iya faɗin "a'a", amma sai ka karanta dalilin

Tun da Microsoft ta daina sabunta Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, duk mai zuwa sayen kwamfutar hannu a kasuwar Wunti da ke Bauchi tambayarsa ɗaya ce: "Malam, za ta ɗauki Windows 11?" Manhajar PC Health Check ce ke amsa wannan. Kyauta ce, ba ta cin data sosai, kana danna Check now kuma ta ba ka sakamako nan take.

Inda take da rauni shi ne, da yawa suna ganin jan rubutu sai su rufe. Danna See all results tukuna. In ƙorafinta TPM 2.0 ne ko Secure Boot, wato matakan tsaro biyu da Windows 11 ke buƙata, sau da yawa a kashe suke a BIOS (saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi), ba wai babu su ba. Sake kunna kwamfutar, ka danna F10 a HP ko F2 a Dell, ka nemi TPM ko PTT (sunan da Intel ke kiran nata TPM) ka kunna. Rubuta tpm.msc a akwatin Run na Windows ka ga sigar TPM ɗin. Amma kafin ka taɓa Secure Boot, buɗe msinfo32 ta akwatin Run ɗin. In BIOS Mode ya nuna Legacy, sai ka fara mayar da faifan ajiyar kwamfutar zuwa tsarin GPT da umarnin mbr2gpt, in ba haka ba Windows ba za ta tashi ba.

In kuwa furosesa ta ambata, magana ta ƙare. A kwamfutocin tafi-da-gidanka masu harafin U a ƙarshen lambar furosesa, a manne yake da allon cikin kwamfutar (motherboard), ba a sauya shi. A Intel, daga zubi (generation) na 8 ake farawa: i5-8250U ya cancanta, i5-6300U na EliteBook 840 G3 bai cancanta ba, ko da an cika masa RAM 16GB da SSD. Kada sitikar "Core i7" ta ruɗe ka, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin, amma daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ne. Har EliteBook 840 G5 akwai masu zubi na 7, don haka sunan samfuri kaɗai bai isa ba.

Masu gyara na tsallake sharuɗɗan da manhajar Rufus, tana kuma aiki, sai dai Microsoft ba ta lamunce wa irin wannan kwamfutar sabuntawa ba. Ɗalibin jami'ar ATBU da zai biya kuɗi, gara ya sa a buɗe PC Health Check a gabansa a shagon.