Sabunta katin zama a Legas: inda sabon tsarin Hukumar Shige da Fice ya sauƙaƙa da inda yake kama mutane

Baƙon da ke zaune yana aiki a Legas yana ɗauke da ranaku uku a aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba: ranar da fasfonsa zai mutu, ranar da gurbin aikinsa, wato izinin da aka ba kamfaninsa na ɗaukar baƙo, zai ƙare a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, da ranar da ke jikin katin zamansa. Yawancin mutane ta ukun kawai suke kallo, alhali ita ce mafi sauƙin gyara. Wanda ranakunsa suka daidaita, sabunta katin a yanzu aiki ne mai tsabta, ya fi na shekarun baya nesa ba kusa ba. Wanda ɗaya ta kuɓuce masa kuwa, tsarin ba ya jin roƙo.

Kafin a kai ga haka, sai mutum ya san ƙofarsa, don Hausawan da ke Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende ba fasfo ɗaya suke riƙe da shi ba. Bahaushen Gana ko Benin ko Togo ɗan ECOWAS ne. Yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza ya yi kwana 90, idan kuma zai zauna ya yi sana'a, katin zama na ECOWAS zai nema, kuma ba ya buƙatar gurbin ma'aikatan waje. 'Yan Nijar fa? Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfonsu da barin su shige da fice da zama har sai an ba da wata sanarwa. Wannan rangwame ne, ba haƙƙin dindindin ba, don haka ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da katinsa ya kusa ƙarewa gara ya sabunta tun ƙofar tana buɗe. Mutumin Chadi da na Kamaru suna shigowa ba biza saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashensu da Najeriya, amma ba 'yan ECOWAS ba ne, kuma shigowa ba biza daban, izinin zama da aiki daban. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Su da mutumin Sudan da sauran baƙi hanyarsu ita ce katin izinin zama da aiki da ake kira CERPAC, wanda a bakin mutane ya koma girin kad.

CERPAC ɗin shi ne mai nauyi, shi ne kuma ya fi canzawa. A da sai an sayi fom a banki, a cike da hannu, a haɗa fayil a kai ofis, a karɓi rasit mai aiki a matsayin katin wucin gadi na wata uku, sannan a yi ta sintiri har katin ya fito. Tun daga 1 ga Agustan 2025 an daina karɓar fom ɗin takarda, komai ta shafin hukumar a intanet ake shigar da shi. Wannan gyara ne na gaske, kuma ya cancanci yabo. Fayil ba ya ɓacewa tsakanin tebur da tebur, kuɗi yana tafiya kai tsaye da shaidarsa, mai nema yana iya ganin inda buƙatarsa ta tsaya ba tare da ya tsallaka gada ba. Duk wanda ya taɓa kwasar cunkoson gadar Third Mainland da sassafe don kawai a ce masa ya dawo jibi ya san darajar wannan.

Kuɗin dai ba na wasa ba ne. A ƙarshen 2018 aka ɗaga shi daga dala 1,000 zuwa dala 2,000 a shekara ga ma'aikaci, sabon tsarin 2025 kuma ya sake ɗaga shi. Da yake da dala ake lissafi, abin da zai fita daga asusun kamfani da naira yana bin farashin canji, don haka kasafin bara ba ya biyan na bana. A duba adadin a shafin hukumar ranar da za a biya, kada a dogara da abin da wani ya faɗa a majalisa.

Takardun sabuntawa ba su da yawa, amma kowacce tana da haƙori. Ta farko wasiƙar kamfani ce a kan takardarsa mai tambari, tana roƙon a sabunta, tana kuma faɗa a fili cewa kamfanin ya ɗauki nauyin baƙon a fuskar shige da fice, wato idan ta kai ga mayar da shi gida kamfanin ne zai biya. Wasiƙar da ta rasa wannan jimla komawa take yi. Sai takardar amincewa da gurbi, wadda ake ce wa kota, sai shafin bayanan fasfo, da shafin bizar da aka shigo da ita tun farko, wato STR, wadda ke ba mutum kwana 90 ya daidaita zamansa, da tsohon katin, da hoto na kwanan nan. Akan nemi shaidar biyan haraji, wanda ga ma'aikaci a Legas hukumar harajin jiha ce ke karɓa, da shaidar cewa kamfanin yana miƙa rahoton wata-wata na baƙin da ke aiki a wurinsa.

Kotar nan ita ce uwar matsaloli, kuma ba Hukumar Shige da Fice ce ke ba da ita ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja ce ke ba kamfani izinin ɗaukar baƙo a wani takamaiman muƙami na wani takamaiman lokaci. Katin zama a kan wannan gurbin yake tsaye, kamar rumfa a kan dirka. Gurbi ya mutu, kati ba zai sabuntu ba, ko da an biya kuɗi. Abin da ke faruwa kullum shi ne ma'aikacin ofis ya tuna da katin saura mako biyu, ya buɗe fayil, sai ya tarar kotar ta ƙare tun wata biyu da suka wuce. Sabunta kota kuma aiki ne mai zaman kansa: ana duba harajin kamfani, ana duba ko an ɗora wa baƙon 'yan ƙasa biyu masu koyon aikinsa kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ana duba rahotannin wata-wata. Ba abin mako ɗaya ba ne. Kamfanin da ya san ciwon kansa yana fara maganar kota wata huɗu zuwa shida kafin ta ƙare, katin kuma a shigar da shi saura wata ɗaya ko biyu.

Akwai kuma sunan muƙami. Idan kota ta ce injiniyan gyaran injina, wasiƙar kamfani kuma ta ce manajan masana'anta saboda an ƙara wa mutumin girma, to takardu biyu sun saɓa. Ƙarin girma ko sauyin muƙami yana da tasa buƙatar da ake shigarwa daban. Haka sauya wurin aiki: katin na kamfanin da ya kawo ka ne, ba ya bin ka zuwa sabon kamfani. Sai tsohon ya sallame ka a rubuce, sabon yana da gurbin da babu kowa a kai, sannan a nemi sauyin. Mutane suna barin aiki a Apapa su koma Ikeja da kati mai sauran wata takwas suna ganin lafiya lau, sai ranar sabuntawa asiri ya tonu.

Fasfo kuma a tabbatar yana da aƙalla wata shida a gaba, gara ma ya zarce wa'adin katin da ake nema. Wanda ya sake fasfo kada ya jefar da tsohon, domin bizar shigowa da tambarin filin jirgi suna cikinsa, kuma za a nemi ganinsu.

Ga 'yan uwanmu na ƙasashen da Faransa ta rena akwai wani tarko da ya fi kowanne yawan kama mutane, shi ne rubutun suna. Fasfo ya ce Mahamadou, asusun banki ya ce Muhammadu. Fasfo ya ce Ousmane ko Issoufou, takardar aiki ta ce Usman ko Yusuf. A kunnen Bahaushe suna ɗaya ne, a idon kwamfuta mutum biyu ne. Haka jerin suna: fasfon can yakan sa sunan uba a gaba, magatakardan nan ya juya shi. Ranar haihuwa ma haka, mutum ya ba da wata rana a wurin rajistar lambar NIN alhali fasfonsa 1 ga Janairu ya rubuta. Dokar a nan guda ce: abin da ke cikin fasfo shi ne gaskiya, harafi da harafi, sauran takardu su za a gyara su bi shi, kuma a gyara kafin a shigar da buƙata. Gyara bayan an biya kuɗi ya fi wahala ninki.

Wata magana da ba a son faɗa a fili: saboda harshe ɗaya ne da kama ɗaya, wasu sukan yi rajista a matsayin 'yan Katsina ko Sakkwato don su huta da zancen kati. Ranar da mutum zai buɗe babban asusu, ko ya yi rajistar kamfani, ko ya fita ta filin jirgin Murtala Muhammed da fasfon ƙasarsa, bayanan biyu za su ci karo, kuma ba da bayanin ƙarya ga hukuma laifi ne a Dokar Shige da Fice ta 2015. Baƙo mai zama bisa ƙa'ida yana da damar samun NIN a matsayinsa na baƙo, ba sai ya ari garin wani ba.

Iyali suna rataye ne a jikin katin maigida. Mata da yara kowa da nasa izinin zaman, da takardar aure da ta haihuwa, kuma ba a sabunta nasu sai nasa ya tsaya. Katin mai rakiya ba izinin aiki ba ne. Baƙuwar da ke auren ɗan Najeriya kuwa tana da nata rukunin da ba a biyan wancan babban kuɗin. A ofis za ka ji ana kiran irinsu Naija wayif ko Nijar wayif, kuma ba ya nufin 'yar Jamhuriyar Nijar, tsohon laƙabi ne na duk baƙuwar da ta auri ɗan ƙasa, ko daga Ingila ta fito.

Inda sabon tsarin yake da rauni shi ne ya ɗauka kowa yana da kwamfuta da Turanci. Babban kamfani a Victoria Island yana da ma'aikacin da wannan ne aikinsa. Mai sayar da albasa a Mile 12 ko mai harkar shanu a mayankar Agege ba shi da wannan, sai ya faɗa hannun mai shagon intanet ko ejan. A cikinsu akwai masu amana da suka san aikin, akwai kuma waɗanda za su buɗe maka asusu da imel ɗinsu da lambar wayarsu, ta yadda duk saƙon hukuma wurinsu zai riƙa zuwa, baɗi kuma dole ka dawo musu. A nace a yi amfani da imel da lambar mai katin ko na kamfaninsa. Kuɗin hukuma a biya ta shafin hukuma a riƙe rasit, ladan ejan kuma daban. Duk wanda ya ce a tura kuɗin gwamnati asusunsa na kansa, ko ya ce zai fito da kati ba kota, to a tashi daga wurin. Fasfo kuma ba abin barin kwana a shago ba ne.

Hoton takardu ma yana mayar da buƙatu da yawa. Hoton waya mai inuwa, ko wanda ya yanke layuka biyun da ke ƙasan shafin fasfo, ba ya wucewa. A yi sikanin mai launi, shafi cikakke, kowace takarda a fayil ɗinta. Idan an biya kuɗi ya fita daga asusu amma shafin bai nuna ba, kada a sake biya nan take. A adana shaidar cirar kuɗin, a jira, a bi ta banki, domin dawo da biya biyu yana cin makonni.

Ofishin hukumar na jihar Legas yana Alagbon a Ikoyi, kusa da Obalende, hedikwatar kuma tana Sauka a hanyar filin jirgin Abuja. Duk abin da ya kai ga sai mutum ya bayyana da kansa, a je da asalin takardu da kwafi biyu-biyu, a kuma fito da asuba idan daga Agege ko Ojo za a taso. Wanda zai zauna fiye da kwana 90 yana da wajibin rajistar baƙi da aka ƙaddamar a 2019, har da 'yan ECOWAS, kuma takardarta tana da amfani a cikin fayil.

Sakaci yanzu yana da farashi a rubuce. A 2025 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya zarce wa'adinsa, an ba da lokacin afuwa wanda ya ƙare a 30 ga Satumban 2025, kuma wanda ya daɗe yana zarcewa yana iya fuskantar kora da hana shigowa na shekaru. Wata uku na mantuwa dala 1,350 ke nan, ban da kuɗin katin kansa. Banki ma yana iya tsayar da asusun baƙo idan katin da ke fayil ɗinsa ya mutu, don haka ranar da sabon ya fito a kai musu kwafi. Wanda kuma ke shirin Umara ko zuwa gida hutun Salla, ya duba ranar katinsa kafin ya yanki tikiti, domin katin mai rai shi ne zai dawo da shi ta filin jirgi ba tare da sabuwar biza ba, idan kuwa ya mutu yana can waje, sai ya sake neman izinin shigowa daga ofishin jakadancin Najeriya na inda yake.