Makunnan Wi-Fi a gidan Sakkwato: wayarin ne ke yanke hukunci

Sharhin nan a kan ƙananan na'urorin da ake cusawa bayan makunni ne, irin Sonoff MINI R4 da makunnan gilashi masu aiki da manhajar Smart Life, bayan sun ga bazara ɗaya da hunturu ɗaya a gida mai ɗaki uku da falo a Arkilla. A taƙaice suna aiki, kuma kashe fitilun tsakar gida daga kan gado abu ne mai daɗi. Sai dai kusan duk matsalar da na gani daga bango ta fito, ba daga na'urar ba.

Babbar magana ita ce nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta bayan ta bi ta ƙwan. Yadda masu wayarin ke yi a nan, waya biyu kawai ke sauka akwatin makunni: jar layif mai shigowa da wadda ke komawa ƙwan. Baƙar nutural tana can sama cikin silin. Makunnin gargajiya ba ruwansa da ita, amma na Wi-Fi ƙaramar kwamfuta ce da ke son wuta dare da rana, dole ta sami layif da nutural. Wanda ke gini yanzu ya ce a saukar da nutural mai kaurin 1.5mm² zuwa kowane akwatin makunni kafin a yi filasta. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Idan an gama gini kuma fayif ɗin bai toshe da siminti ba, ana iya jan ta daga wurin ƙwan. In ya toshe, sai fasa bango.

Akwai makunnan da ake tallatawa cewa ba sa buƙatar nutural. Gaskiya ne, amma suna rayuwa ne da ɗan wutar da suke zurarawa ta cikin ƙwan ko a kashe yake. Da ƙaramin ƙwan LED sai ka ga yana ƙyaftawa ko yana ɗan haske da dare. Maganinsa kafasitar da ke zuwa cikin kwali, a ɗaura ta tsakanin layif da nutural a wurin ƙwan, ba a bayan makunni ba. Nan masu haɗawa suka fi yin kuskure. Ni dai ban ba irin waɗannan maki mai yawa ba, na dole ne.

Wurin da ya fi haɗari shi ne gidan da ke da inbata. Yawanci fitilu da fankoki suna layin inbata, soket ɗin firiji da na guga suna layin NEPA. Mai gyara in ya rasa nutural a akwatin makunni, sai ya aro daga soket mafi kusa. Ranar farko komai lafiya. Daga baya birekar kariya mai 30mA, wadda ke yanke wuta idan ta ji tana zurara, ta riƙa faɗuwa ba dalili, domin wutar da ta fita ta layi ɗaya ta dawo ta wani, ko kuma mai aiki ya kashe bireka yana zaton layi ya mutu alhali baƙar waya tana ɗauke da wuta. Ƙa'idar ɗaya ce: layif da nutural na kowace na'ura su fito daga da'ira ɗaya. A akwatin rarraba wuta a raba sandar nutural biyu, a sa canjoba mai yanke layif da nutural tare, a rubuta sunan kowace bireka.

Sai zurfin akwati. Na milimita 25 da aka saba binnewa ba ya ɗaukar na'ura da wayoyi uku ko huɗu. A nemi mai 35, in da hali 47. Ba don sauƙin rufewa kaɗai ba. Takardar yawancin na'urorin nan maki 40 a ma'aunin Celsius ta rubuta a matsayin iyakar zafi, Sakkwato kuwa a Afrilu da Mayu tana wuce haka a inuwa, balle bangon yamma da ya sha rana tun azahar. Biyu da aka matse a irin wannan bango su ne suka riƙa sauka daga Wi-Fi da la'asar, suna dawowa bayan isha. Da aka canza akwati aka rage musu kaya, sun natsu. Akwatin ƙarfe kuma yana cin sigina, na roba ya fi.

Kada lambar 10A da ke jikin na'ura ta ruɗi kowa ya ɗora mata esi ko sumo, wato injin jan ruwa na rijiyar burtsatse. Esi mai doki ɗaya da rabi yana jan wajen 5A zuwa 6A yana tafiya, amma lokacin tashin kwamfireso yana ninka haka sau da yawa, kuma ƙaramin rile ɗin ciki, wato ɗan makunnin da ke cikin na'urar, bakinsa narkewa yake ya manne. Alamar ita ce manhaja ta ce a kashe, kaya kuma na ci gaba da aiki. Hanyar da ta dace: kontakta, wato babban makunni da wuta ke kunnawa, mai 25A da koyil na bolt 230, na'urar ta kunna koyil kawai, kontakta ta ɗauki nauyin ta waya mai kaurin 4mm² da birekarta ta 20A. Haka aka yi wa sumo, yana cika tanki da asuba a kan lokaci, kuma wannan ne amfanin da na fi yabawa a duk tsarin. Fanka kuma ba a sa mata makunnin rage hasken fitila, gurnani za ta yi. A bar mata regiletarta, na'ura ta kunna ta kashe kawai.

Wuta mai hawa da sauka tana kashe su da wuri. A sa na'urar kariya mai 63A a bakin akwatin rarraba wuta, a saita ta yanke ƙasa da bolt 180 da sama da 250, ta jira kamar minti uku kafin ta mayar. Atin ma, wato sandar da ake binnewa don kai wuta ƙasa, a auna shi da mita a lokacin rani, don busasshen yashin nan ba ya karɓar wuta kamar ƙasa mai laima, gishirin da ake zubawa a ramin kuma yana cin sandar a hankali.

Rauta ta zauna a layin inbata, in ba haka ba duk ɗauke wuta sai ka koma tashi da ƙafarka. Na'urorin Wi-Fi mai 2.4GHz kawai suke ji. A cikin manhaja a saita kowace ta koma yadda take kafin ɗaukewar wuta, sumo kuwa a saita shi a kashe. Kowace tana cin kusan wat ɗaya ko ƙasa da haka, guda 20 na iya kai wat 480 na awa a cikin awa 24, mai ƙaramin batir ya sa wannan a lissafi.

Ga mai sabon gini, ina ba da shawara, har da jan fayif daban na wayar intanet ta CAT6 daga wurin rauta zuwa falo da ƙofar gida. Ga tsohon gida mara nutural mai matsattsun akwatuna, a fara da sumo da fitilun waje, a bar ɗakuna sai ranar da za a sake wayarin.