trace-cmd da KernelShark: sun kama mini ɓarawo, amma agogonsu sai haƙuri

Wata manhaja ce a cikin na'urar baƙo, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin ta gaske (mai masauki) ta hanyar KVM na Linux, take tsayawa cak na 'yan milisakan, sannan ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Na kunna ftrace, mai bin sawun abin da kernel na Linux ke yi, a cikin baƙon, ba abin da na gani sai giɓi. Dama baƙo bai san abin da mai masauki ke yi da shi ba. In an sauke vCPU ɗinsa, wato CPU na kwaikwayo da mai masauki ya ba shi, daga aiki, shi dai lokaci yake gani ya yi tsalle.

Sai na gwada bin sawun ɓangarorin biyu a tare, abin da trace-cmd, manhajar naɗar bayanan ftrace, ya fara iyawa tun sigar 2.9. Ka ba QEMU, manhajar da ke gudanar da baƙon, na'urar vhost-vsock-pci (hanyar sadarwa ta vsock tsakanin baƙo da mai masauki) da lambar adireshi ta CID, daga 3 zuwa sama tunda 2 ta mai masauki ce, ka tada trace-cmd agent a cikin baƙo, sannan ka yi record da -A daga waje. Da na buɗe fayilolin biyu a KernelShark 2, manhajar da ke nuna bayanan a zane, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Daidai inda giɓin yake, ga kvm_exit (fita daga baƙo zuwa mai masauki), ga sched_switch (sauya aikin da ke kan CPU) a ƙarƙashinsa: wani aikin matse fayiloli ne na mai masauki yake ture zaren vCPU ɗin, ya zauna a kan CPU ɗin son ransa. Ashe duk zargin da nake wa baƙon nan zalunci ne. Na ɗaure vCPU ɗin a kan nasa CPU, na kori mai matse fayilolin zuwa wani, tsayawar ta ɓace. A ranar nan, da za ka tambaye ni, cewa zan yi kayan nan ba su da na biyu.

To amma agogo! Kowane ɓangare da nasa lissafin lokaci. In ka yi amfani da agogon x86-tsc kuma ana iya karanta tsc-offset, wato tazarar da ke tsakanin agogon ɓangarorin biyu, a /sys/kernel/debug/kvm, komai yana hawa layi. A wata na'urar da hakan bai samu ba, sai aka koma aika saƙonni ta vsock ana kintatar tazarar. Nan na ga baƙo yana aiki tun kafin kvm_entry (shiga cikin baƙon), wato ɗa ya riga ubansa zuwa duniya. Wanda ke farautar maikirosakan, me zai yi da irin wannan?

Ga kuma batun fayil. Tun sigar 3.0 ta trace-cmd aka shigo da tsari na 7 na trace.dat, fayil ɗin da yake naɗar bayanai a ciki, tsohon KernelShark kuwa ba ya buɗe shi, sai ka bi ta trace-cmd convert ka mayar da shi na 6. Sigar da ke cikin baƙo daban, ta mai masauki daban, ta na'urar da kake dubawa daban. Zan ci gaba da amfani da su, don ba ni da madadinsu, amma ba zan sake taɓa su ba sai na haɗa siga ɗaya da hannuna a duka ukun.