Gilashin kyamara 50mm na tokumbo da na saya a Ikeja, da abin da ya yi mini ranar suna

Da a makon farko na rubuta sharhin nan, da tauraro biyar zan bayar, in haɗa da addu'a ga yaron da ya sayar mini. Kyamarata tsohuwa ce, Canon 600D irin ta 2011, wani abokina ya bar mini da zai koma Kano. Shekara biyu ina fama da gilashin 18-55 da ta zo da shi, ina ɗaukar hoton danfo a Oshodi da tulin albasa a Mile 12 inda nake neman abinci. Hotuna dai ga su nan, ba yabo ba fallasa. Kowa na ce mini in nemi 50mm mai buɗewa har 1.8, wato mai shigar da haske sosai, in ga bambanci. Na tara kuɗi, na hau jirgin ƙasa daga Agege na sauka Ikeja, na shiga Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci.

Kun san yadda wurin yake, kun kuma san kuɗin abin, ba sai na faɗa ba. Wani yaro ɗan gida ne ya tare ni, jin Hausa a bakinsa ya sa na saki jiki. Ya kai ni wani shago a sama, ya fito da gilashin yana goge shi da gefen riga. "Maigida, wannan daga Ingila ya zo, ko ƙura bai taɓa sha ba." Na ɗaura a kyamara, na ɗauki fuskarsa a cikin shagon, hoto ya fita tas. Na biya.

Gaskiya daren farko ya burge ni. Mai shayinmu na kusa da gadar Pen Cinema na ɗauka, ba filasha, hasken ƙwan teburinsa kawai. Tururin shayi ya fito, gumin goshinsa ya fito, fitilun motocin da ke bayansa suka narke suka zama ƙwallaye masu launi. Ya sa hoton a WhatsApp ɗinsa, kwana uku yana ƙin karɓar kuɗina.

Wannan ne ya kumbura mini kai. Da matar Yayana ta haihu, ni da bakina na ce kada a ɗauko mai hoto, a bar kuɗin a ƙara a na rago. Ranar suna tun da asuba ina gidan. Matsalar farko tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba: a irin kyamarata ana ninka tsawon gilashi da 1.6, wato 50 ya koma kamar 80, kuma ɗakin Yaya irin ɗakunan hayar Agege ne, taku huɗu ka taɓa bango. Ina son in haɗa mai jego da jariri da Hajiya a hoto ɗaya, ina ta ja da baya har na zauna a kan farantin waina. An yi dariya, ya wuce.

Abin da bai wuce ba shi ne na waje. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya raɗa suna, an yi addu'a, rana ta fito ta bayan jama'a. Na ɗauki hoto ya fi ɗari biyu. A ƙaramin allon kyamara cikin rana ban lura da komai ba. Sai da dare na zuba su a kwamfutar ƙanena, na ga duk wanda rana ta shigo ta gaba ya yi fari dishi-dishi, fuskoki kamar an shafa musu toka. Hajiya ta sa tabarau ta duba, ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, a Legas aka yi sunan nan ko a Gashuwa cikin hunturu?" Yaya bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi ci mini rai.

Na cire gilashin, na haska tocilar waya ta baya na leƙa ta gaba. Zare-zare ne farare a ciki kamar saƙar gizo-gizo, sun taso daga gefe sun nufi tsakiya. Funfuna ce, irin wadda ke kama burodi. A wuri mai duhu ba ta nuna kanta sosai, shi ya sa hoton shago da na mai shayi suka yaudare ni. Da haske mai ƙarfi ya doki gilashin ta gaba, sai ta watsa shi ko'ina.

Na koma Ikeja. Yaron da ke ce mini maigida yanzu ya koma "Malam, ai laimar Legas ce, kai ka ajiye shi a danshi." Mai shagon ya nuna mini rasit, ya ce garantin mako ɗaya ne. Abin haushi, akwai ƙanshin gaskiya a maganarsu. Ɗakina a watan Yuni bango har gumi yake, takalmin fata in ka bar shi ƙarƙashin gado kore yake komawa. Amma mai gyaran da na kai wa, da ya buɗe ya wanke, ya nuna mini tabon da ya ƙi fita, inda funfunar ta riga ta cinye rufin da ake shafa wa gilashi. Ya ce wannan ba aikin mako uku ba ne. Wato da ita aka sayar mini. Ingilar ma da ake tutiya da ita, ai ba ƙasar rani ba ce.

Yanzu na haɗa akwatin busarwa da kaina. Robar abinci ce mai murfin da ke kullewa da roba a baki, na zuba silika, ƙwayoyin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, na sayi irin mai ruwan lemo da ke komawa kore in ta sha ruwa. Na sa ɗan agogon auna laima a ciki. A ɗaki yana wuce 80, a cikin robar yana zama wajen 45. Ƙanena ya ce in zuba shinkafa kawai, na ce a tsadar nan? In silikar ta yi kore sai in gasa ta a tsohon kasko da wuta kaɗan. Ranar farko maiɗakina ta leƙo ta tambaya ko sabuwar miya ce ta masu hoto. Robar ma sau biyu ina kwato ta, an zuba daddawa.

Bayan wankin gilashin yana aiki, da yamma da dare har yanzu yana ba ni abin da 18-55 ba zai taɓa ba ni ba. Na so in ce tauraro huɗu. Amma da na lissafa kuɗin wanki, da kuɗin mota sau uku zuwa Ikeja, da tabon da ke dawo da hazo duk sanda na fuskanci rana, uku ma na yi kara. Shagon kuwa ko ɗaya ban ba shi ba. Duk mai zuwa sayen tokumbo ya haska tocila a cikin gilashin a gaban mai shago kafin ya taɓa aljihu.

Jiya na je gidan Yaya, na ga an wanke hoton suna an sa a firam a falo. Wanda ɗan maƙwabta ya ɗauka da waya ne.