Sabar tokumbo ko madabod na kwamfutar tebur: amsa ga ɗan'uwanmu na Jega

Ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu a Jega ya ce yana son haɗa ƙaramar saba, wato kwamfutar ajiya, da zai riƙa ajiye aikin kwastomomi da hotunan biki a kai. An yi masa tayin saba ƙirar Dell PowerEdge R720 ta tokumbo, wani kuma ya ce ya sayi madabod (babban allon cikin kwamfuta) B450 da furosesa Ryzen kawai. Ga shi kuma ya samu faifan ajiya guda huɗu na SAS, irin na saba, da araha, yana tambaya ko za su shiga kowanne.

Malam, kafin komai, juya faifan nan ka dubi bakinsa. A faifan SATA, wanda aka saba gani a kwamfutar tebur, akwai ɗan gibi tsakanin wajen wayar bayanai da wajen wayar wuta. A na SAS roba ta cike gibin nan, don haka wayar SATA ba za ta shiga ba, ko ka yi da ƙarfi. Ƙa'idar ita ce: katin SAS, wanda ake jona faifai a jikinsa, yana karɓar faifan SATA, amma ramin SATA na madabod ba ya karɓar SAS. Ke nan a R720 faifanka za su yi aiki, in dai girmansu ya dace, domin akwai mai ɗaukar inci 2.5, akwai mai 3.5, kuma ka tabbata an haɗo maka da tiren da ake zura su ciki, sau da yawa babu su ake sayarwa. A B450 kuwa sai ka ƙara kati irin LSI 9211-8i a ramin PCIe, shi ne zai ɗauki faifai takwas.

R720 ta fito ne a 2012, kuma ba wasa ba ce: furosesa Xeon har biyu, RAM mai gyara kuskure, tukunyar wuta biyu. Amma an yi ta ne don ɗaki mai iyakwandishan. Ko ba ta aikin komai tana shan wat 100 ko fiye, dare da rana, ga fankokinta da ƙara kamar injin markaɗe. Ka lissafa wannan a kan batirin sola, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, sannan ƙurar hunturu ta zo ta toshe ta. Kwamfutar tebur mai faifai biyu ba ta kai rabin wannan wutar ba, kuma in fankarta ta mutu kowane mai gyara a Birnin Kebbi zai canza maka. Kayan R720 sai ka aika Kano ko Legas.

Wani abu kuma, RAM ɗinta DDR3 ce irin ta saba, ba ta shiga B450 mai DDR4. Kada wani ya ce maka za ka iya kwashewa daga baya.

Ni dai a wurinka B450 zan ɗauka, in mayar da faifan SAS ga mai su, tunda ba ka san shekara nawa suka yi suna juyawa ba. Sayi SATA biyu masu girma ɗaya, ka sa su riƙa kwafar juna. Sai dai ka kula da abu biyu. Karanta littafin madabod ɗin, domin a wasu da zarar ka sa SSD a ramin M.2, ramukan SATA biyu sun daina aiki. Sannan, a salon rubuta bayanai faifai iri biyu ne, CMR da SMR: ka nemi na CMR, kamar Seagate IronWolf ko WD Red Plus. Na SMR yana yin nauyi ƙwarai in ana sake cika faifai bayan ɗaya ya mutu, a lokacin da ka fi buƙatar sauri.

In aikin ya girma har kana neman faifai shida ko takwas, ka ƙara katin LSI ɗin, ka ɗaura masa ƙaramar fanka don yana zafi.