Software Manager ko fayil ɗin .deb daga shafukan intanet?

Ɗan'uwa, cikin hanyoyi biyun nan da ka ambata na girka manhaja a Linux Mint, ka riƙe Software Manager, wato shagon manhajojin da ke zuwa da Mint, ko umarnin apt in hannunka ya saba da tamina (tagar rubuta umarni).

ThinkPad ɗina 'yar gwanjo ce, Linux Mint ke kanta, kuma LibreOffice, VLC da GIMP duk daga rumbun manhajojin Mint da na Ubuntu na ɗauko su. Da ita ƙanwata ta buga kundin kammala digirinta a Samaru, filas ɗin ƙawayenta na shiga na fita, amma ko sau ɗaya ba ta ba mu ciwon kai ba. Abin da ke kwantar min da hankali shi ne rumbun na ɗauke da sa hannun GPG (hatimin dijital da ke tabbatar da asalin fayil), apt kuma sai ya tantance kafin ya girka komai. In wani ya taɓa fayil a hanya, ƙi zai yi. Sannan da sudo apt update da sudo apt upgrade duk gyaran tsaro zai sauko a tashi ɗaya. Aibinsa dai wani lokaci manhajar ta ɗan kwana biyu. In sabuwa fil kake so, Flathub, wani rumbun manhajoji na daban, na cikin Software Manager ɗin Mint, sai dai saukewar farko na shan data sosai, gara ka bari sai ka samu wayfai.

Shi kuwa .deb na shafuka, wato fayil ɗin girka manhaja da kake saukewa da kanka, yana aiki, iyakar abin da zan ce ke nan. Da ka ba shi sudo, wato cikakken ikon mai kwamfuta, ka miƙa masa makullin gidan gaba ɗaya. A 2023 Kaspersky, kamfanin tsaron kwamfuta, ta bankaɗo cewa daga 2020 zuwa 2022 shafin Free Download Manager ya riƙa tura wasu masu Linux zuwa wani .deb mai satar kalmomin sirri. Shafinsu na ainihi fa! PPA ma, wato rumbunan da ɗaiɗaikun mutane ke buɗewa, Canonical mai yin Ubuntu ba ta tantance abin da ke ciki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu shagunan kwamfuta da za su caje ka kuɗin "lodin" manhajoji daga filas, alhali kyauta suke. Ba ka san inda suka samo su ba, wani ma har asusunsa yake bari a ciki. In ka sayi laftof da Linux a kai, ka goge, ka sauko da ISO, wato fayil ɗin girka Mint, daga linuxmint.com, ka gwada lambar SHA256 ɗinta (lambar da ke nuna ba a taɓa fayil ba) da wadda suka wallafa, sannan ka girka da kanka.